Ruwa Zai Koma Gonata

Litinin, 4 ga Nuwamba
A rediyon mai shayi na ji. Majalisar tarayya a Bagadaza ta amince da dokar: za a gina jingar da za ta tsare birnin Nasiriyya daga ambaliya, a juya ruwan zuwa tsohuwar fadama. Tsohuwar fadama, wato gonata. Shekara ashirin da shida ina shuka alkama a wurin, tun da aka busar da ita. Mutane na ta tafi. Shayina ya huce a hannu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Da ta ji labarin, yayata Sabiha ta yi guɗa har ta shaƙe. Na ce, “Yaya, abincinmu fa za a nutsar.” Ta ce, “Kai Jabbar, a kan ruwan nan Inna ta haife ka. Yaushe ka zama ɗan tudu?” Na tashi na bar mata kifinta.

Juma'a, 22 ga Nuwamba
Injiniya ta zo da taswira, wata Ustaza Rihab. Za a ba mu fili kusa da titi, girbi ɗaya ya rage mana a nan. Na ɗaga mata murya a gaban jama'a. Ta bari na gama, sannan ta ce, “Baba, a ambaliyar da ta wuce yara huɗu muka tsamo a unguwarmu. Biyu ba su tashi ba.” Ban san da wannan ba. Duk da haka ban sa hannu a takardar barin gonar ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Girbin ƙarshe. Don wulakanci, bana ta fi kyau.

Laraba, 7 ga Mayu
Na sa hannu. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 10 ga Maris
Shekara ta zagayo, an buɗe ƙofar ruwa. Na ce ba zan je ba, na je. A hankali ya shigo, kunya bayan kunya, kamar mai neman izini. Kafin la'asar ban iya nuna inda gonata ta tsaya ba. Warin laka ya taso, irin na ƙuruciya, na rasa abin da zan yi da fuskata.

A hanyar gida na biya wajen tsoho Falih, na tambaye shi ko har yanzu yana ƙera kwale-kwale. Tambaya kawai na yi. Ya ce in dawo Asabar, ya auna ni ya ga girman wanda zai ƙera min.