Ƙofar da Ta San Fuskar Yanzi

Daga ofishin Shugaban Jami'a, birnin Xi'an,
zuwa ga Malam Na Nuhai, mai gidan taliya a Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya buɗa kasuwa, ya raba ka da ciwon bayan da jan taliya ya gadar maka. Kada ka yi mamakin yadda babban mutum irina ya san zancen bayanka, mu shugabanni komai yana zuwa kunnenmu. Mutanen gidanku a Wuzhong duk lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarka ta yi sauƙi, tunkiyar nan mai taurin kai ta haifi biyu, ƙanenka Yusu kuwa, yaro natsattse mai kyan gani, yana nan riƙe da gida.

Dalilin rubuto maka shi ne ɗalibarmu Yanzi, yarinyar da gidan marayu suka ba mahaifiyarka riƙo tana 'yar ƙarama, wadda ta riƙa ɓoye gurasa a ƙarƙashin matashi har ɓeraye suka gane ɗakinku. Ka san yanzu karatun likitan ido take yi a wurinmu. Jami'armu tana kula da ɗaliban da suka tashi a hannun riƙo: karatunsu kyauta, ɗakin kwanansu ba a rufe shi ko da hutu, ga abinci, ga malama guda, Malama Pei, wadda aikinta ke nan ta san yadda suka kwana. To da hutun sabuwar shekara ya matso, sai Yanzi ta bugo waya ta ce bana ba za ta zo gida ba, an tanadar musu komai a makaranta. Ama, ina nufin mahaifiyarka, ta ce to, Allah ya yi albarka, ta ajiye waya, ta je ta zauna gaban murhun da babu wuta. Ka san riƙon hukuma ya ƙare tun da yarinyar ta cika sha takwas, in ta ce ba ta zuwa babu mai ikon cewa don me. Abinci ya daina shiga bakin Ama. Ta ce wa Yusu an ba yarinya ɗaki mai ɗumi da fitila, me za ta zo yi a gidan da ake taka ƙanƙara kafin a kai bayi? Rannan da asuba ta soya gurasar mai cike da kwando, ta yafa farin mayafinta, ta ce ya kai ta tashar jirgin ƙasa, gara ta ji daga bakin yarinyar.

Wallahi Yaya, wato Malam Nuhai, wannan wuri ba makaranta ba ce, gari ne. Ni kaina da nake shugabanta, in na shiga ɗakin littattafai sai na ji kamar in cire takalmi. Bene kan bene, littafi har rufi, ɗaruruwan mutane a zaune, amma tari ɗaya ba ka ji. Wanda iyakar karatunsa makarantar masallaci, ya ɗauka akwatin littattafan Liman ne ƙarshen ilimi, in ya shiga nan sai dai ya yi ta tasbihi. Da Ama da Yusu suka iso, Yanzi ta zo tarbarsu da gudu, cikin farar riga. A bakin ginin akwai ƙofar gilashi, ta ɗaga kai kawai ta dube ta, ƙofa ta buɗe da kanta. Ama ta matsa ta tsaya, ƙofa ta yi jar wuta ta ƙi motsi. Yusu, don ya taimaka, ya gwada tsuke baki irin na Yanzi, ya kara hotonta a goshi, har mai gadi ya ce in ya sake zai fitar da shi. Ama ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi a hankali, ita ta wanke fuskar nan da majina da komai, yau ga ƙofa ta fi ta sanin ta.

Yanzi ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sa aka buɗe musu, ta kai su ɗakin da suke koyon aiki, ta zaunar da Ama gaban wata na'ura ta ce ta ɗora haɓa. Sai ga cikin idon Ama a jikin bango, faɗin faranti! Ja kamar rana za ta faɗi, jijiyoyi sun rarrabu kamar rafuka a gona, a tsakiya wani haske zagayayye. Shekara nawa ina karanta cewa Allah ne ya yi mana ji da gani, ban taɓa zaton zan leƙa in ga aikin da idona ba. Kuma yarinyar da nake saka wa kwaɗo a takalmi ce take nuna mini, tana faɗin sunan kowace jijiya kamar 'yan unguwarsu. Can sai ta ce, “Ama, ki daina, ruwa ya cika idon, ba na ganin komai.” Ama ta ce ƙanƙara ce ta narke mata a gira. Daga nan ta tambaye ta kai tsaye, ko gidansu ne ya yi mata kaɗan.

Yarinyar ta kama hannun Ama ta kai ta wani ɗaki a ƙasan ginin kwana. Ɗalibai shida ne a ciki suna fama da kwaɓin fulawa, an ɓata tebur, an ɓata fuska. Duk 'yan riƙo ne irinta, sai dai su babu inda za su: wannan tsohuwar da ta riƙe shi ta rasu, waccan gida huɗu ta zauna babu wanda ya zama nata. Yanzi ta ce hutun bara da ta ja akwati za ta tafi, suka rako ta har ƙofa suna dariya, suna cewa ta ci nama a madadinsu, ta juyo ta ga sun tsaya a bayan gilashi. Ta ce ba za ta iya sake yi ba, ta kuma ji kunyar faɗa wa Ama. Malama Pei tana wurin, ta ce ai kowannensu jami'a na yankar masa tikitin jirgi na zuwa gida duk hutu, su waɗannan nasu haka yake wucewa. Ama ta tambaya wa yake faɗin inda gida yake. Malama ta ce ɗalibin. Ama ta buɗe kwando, ta yaga gurasa ta miƙa wa wani dogo mai suna Dong Lei, ta ce to su buɗe baki su faɗa, Wuzhong ake cewa, ba wuya. Ta kafa sharaɗi: ba alade, ba giya, kowa zai share ƙanƙara. Dong Lei ya tambaya ko ana ƙarin abinci a gidan, ta ce da ganin wuyansa ba a taɓa yi masa ba. Sai ƙaramarsu ta fara gwada faɗin sunan garin.

Yanzu haka suna gidanku a Wuzhong su bakwai. Yanzi ce ta fara tura ƙofar gida da ƙafa yadda ta saba, Ama na bayanta tana cewa wannan dai ba ta tambayar fuskar kowa. Ta cinye kwano biyu a daren, ita Ama ɗin.

Saura maganar makwanci. Bisa ikon ofishina, na ba da umarni a buɗe sabon ɗakinka da ka kulle, mai kujeru cikin leda, wanda ka gyara wa amaryar da har yau ba ka samo ba. Samari uku ne a ciki. Ka gaishe da Kawu da Inna Famai da yaransu, Ama da Yanzi suna gaishe ka, Dong Lei ya ce a faɗa maka bargonka akwai laushi.

To Yaya, na san tun daga zancen tunkiya ka gane. Shugaban Jami'a bai san da zamanka a duniya ba. Ni ne, ni na fasa kwaɗon ƙofar ɗakinka da guduma, kuma ko gobe aka ce in sake zan sake.

Ƙanenka natsattse,
Yusu