Wanda Ni Sauke a Hanyar Wurno

Daren Laraba, watan Sahwar, Wurno

Ƙahwahuna na zugi, amma sai na rubuta wanga.

Da hantsi munka baro Goronyo cikin motar kaya, ni da Inna da Baffa Sanda, ƙanen mahaihina, da buhunan albasata. Bayan Giyawa, kan hanyar da Nasara sunka share, mota ta kahe cikin rairayi. Ba gari, ba rijiya, sai ƙaya. Munka tura har azahar. Direba yac ce kaya sun yi yawa, ko buhu guda ya sauka, ko mutum guda.

Ban ko yi shawara ba. Nic ce, "Baffa, sauka."

Yac ce, "Ɗana, mi ni yi maka?"

Ya san abin da ya yi. Shekarar da Baba ya rasu, shi ya ƙwace jakinmu, Inna ta tako hanyag ga da ƙasa, kaya bisa kai, ni bisa baya. Yau na ga gemunshi na rawa, kuma wallahi na ji daɗi.

Sai Inna ta ɗauki gorar ruwanta ta bi shi. Tac ce ba a barin dattijo shi kaɗai cikin daji. Na kira ta, ba ta waiwayo ba. Direba ya ja mota, ni ko ban hana shi ba.

Albasa ta iso lahiya. Su har yanzu shiru.

Sau biyu ke nan Inna na taka hanyag ga da ƙasa. Na biyun ni na sa ta.