Gidan Gaba a Motar Malam Usman

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka rufa min asiri ka ɓoye sunana, don akwai waɗanda suka san ni a gidan nan. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyun nan ko abinci ba ya wuce min.

Ni bazawara ce, mijina ya rasu ya bar ni da yarinya ɗaya, muna zaune da Mama a Tudun Gwandara, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Shabu. Ina cikin wata ƙungiyar taimakon al'umma, mu ne masu yashe kwata da kai abinci asibiti. Da mai ya yi tsada, kuɗin mashin zuwa Shabu da dawowa ya nemi cinye min albashi, kuma ba ni kaɗai ba. A mitin ɗinmu aka yi ta kawo dabaru, wani ya ce a sayi kekuna, wata ta ce a koma yin mitin a waya. Ni kuma uwar iyayi na miƙe na ce duk mai mota ya riƙa ɗaukar waɗanda hanyarsu ɗaya, a haɗa masa na mai. Aka yi min tafi, har kaina ya kumbura.

Aka haɗa ni da Malam Usman, mutumin Keana, yana aikin gona a Shabu, shi ma matarsa ta rasu. Ni in na zauna a baya mota tana juya min ciki, shi ya sa ya ce in dawo gidan gaba. Tun ina jin kunya har na saba. Nakan zo masa da kunun gyaɗa a fulas, shi kuma ya saya wa 'yata rake, har ya gyara gilashin ɓangarena da ba ya sauka. Anti Ladi da ke zama a bayanmu kullum sai ta ce, "Madam, wannan kujera ba na banza ba ne o, mu dai a kira mu biki." Shi sai ya yi murmushi kawai. Wallahi bai taɓa cewa yana sona ba, amma kuma bai taɓa cewa ta daina ba.

Da ya dawo daga garinsu bayan salla, sai ga shi har gida da ƙullin gishirin Keana, ya durƙusa ya gaida Mama. Bayan ya tafi Mama ta ce namiji ba ya kawo gishiri gidan da akwai bazawara a banza. Har wani ɗan kasuwa da ya turo yana nemana na ce a ba shi haƙuri. Gishirin ma ban bari an sa a miya ba, yana cikin kabad ɗina.

Ranar Asabar a mitin, an gama maganar kwata, Malam Usman ya miƙe ya ce yana da albishir, zai yi aure. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji sunana. Sai na ji ya ce wata nas ce a Shabu, ya ɗauke ta a bakin titi tana jiran mashin, ranar da na yi fashin aiki. Ya gode min, wai shawarar da na kawo ce sila, kuma ni zan jagoranci mata wajen girkin biki tunda ni ƙanwarsa ce. Shugaba ya yi masa murna, ya ƙara da godiyar gishirin da ya raba wa 'yan ƙungiya. Ashe kowa ya samu nasa.

Ban san yadda na kai gida ba. Na yi kuka, na ce wa Mama ita ta sa min rai, ta ce ni na fara sa wa kaina, muka yini ba ma magana. Anti Ladi ta kira tana ba ni haƙuri, na ce ta ƙyale ni.

Jiya Malam Usman ma ya kira, da fara'arsa, ya ce daga Litinin amaryar za ta fara bin mu, in taimaka in koma baya. Wai bai manta da juyin cikina ba, zai saya min lemon tsami in riƙa shanshana.

In na bar motar albashina ba zai kai ni ƙarshen wata ba, kuma kowa zai gane dalili, tunda ni na kawo tsarin. In na zauna, kullum ina kallon ƙeyarta a kujerar nan. Kuma har yanzu ina sonsa, ba zan yi muku ƙarya ba. In faɗa masa abin da ke raina ne, ko in haɗiye in dafa musu shinkafar biki? Litinin da safe zai danna hon a ƙofar gidanmu. Ku faɗa min, in fito ko kar in fito?