Ranar da Wayoyin Kebbe Suka Yi Kuka Tare

Tambuwal, daren Laraba

Tarihi ya shaida cewa yau ni, babban injiniyan manhajar ƙungiyar makiyaya, na tsira da mutuncina.

Kwana da kwanaki ina tura sanarwar rigakafin shanu ta saba, wato babbar kwamfutar da ke cilla saƙo kan fuskar waya, babu mahalukin da ya gani. Ardo ya rantse in ba ta isa ba kafin allurar jibi, za a sallame ni a koma wa mai shela. Da na zurfafa bincike, sai na tarar ni da hannuna na yanka wa saƙon gajeren wa'adi, alhali wayoyin makiyayanmu na Fakku ba sa ganin sabis sai ranar kasuwa, in an kawo su caji Kebbe. Kafin su iso, saƙon ya riga mu gidan gaskiya. Na tsawaita masa kwana, na sake tura shi.

Yau ranar kasuwa, da hantsi Ardo ya kira. "Injiniya, mi ka yi? Wayoyin rumfar mai caji duk sun ɗau kuka lokaci guda, har shi mai rumfar ya zabura yana salati!"

"Allah shi daɗe da ranka, sun dai karanta?"

"Sun karanta. Jibi shanu na nan tafe."

Na ajiye waya cikin ƙasaita, sannan na faɗi na yi sujadar godiya.