Kunnen Farar Barewa

Zuwa ga Yaya Ravdna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya 'yarki Risten da makaranta?

Ni da Kawu Issat muna nan lafiya a bukkar kiwo, kada ku damu. Akwai itace, akwai busasshen nama. Yau mako shida rana ba ta leƙo ba, wannan kuwa mun saba a nan ƙarshen arewacin duniya.

Abin da ba mu saba ba shi ne ruwan sama a tsakiyar hunturu. Kwana biyu ana yi a kan dusar ƙanƙara, sanyi ya dawo ya daskarar da komai. Bareyin da muke kiwo suna jin ƙamshin gansakukar da suke ci a ƙarƙashin ƙanƙara, suna tono har kofato ya yi jini, ba sa kaiwa gare ta. Da gatari muke fasa musu. Na ce wa Kawu mu huta, ya ce, "Kai da hankaki kaɗai kuka ƙoshi a dutsen nan. Ɗauki gatari."

Ki aiko da abincin dabbobi da safar hannu. Kada Inna ta tambaye ni bareyi nawa suka rage. Ita ta koya mana ba a yi wa makiyayi wannan tambaya.

Jiya na tsinci farar barewar nan da aka ba Risten ranar baftisma, a mace. Hankaki sun riga ni. Na yanko kunnen kamar yadda aka saba, don mai dabba ya ga shaidarsa da aka tsaga a kai da idonsa. Ga shi nan a ƙyalle. Ki bari Risten ta ci abinci tukuna kafin ki ba ta.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninki,
Heaika