Nasiru, ka gama wasanmu da wani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da aikin tashar jiragen ruwa da ruwan saman Duwala da ba ya gajiya. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin da ka sani. Gwaggo, mahaifiyarka, tana nan ƙalau, jiya ma na kai mata goro.

Na rubuta a nan inda kowa zai karanta, domin kai ma a nan ka saka abin da ya hana ni cin tuwo ranar Juma'a. Na ga bidiyon. Kai da wani Serj a kan kujera mai laushi, gaban talabijin mai faɗin ƙofar shagonmu, kuna ihu, a ƙasa ka rubuta wai kun gama wasan bidiyon nan. Wasanmu, taubashi. Na kashe wayar kafin in ga yadda ya ƙare, amma na riga na ga haƙoranka duka a waje.

Kishi nake yi. Na faɗa, kowa ya yi dariyarsa.

Ka tuna ranar da ka kawo shi? Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakinmu, muka raɗa masa Garin da Rana Ba Ta Fitowa. Birni ne na ruwan sama da fitilu masu launin jini, inda kamfani ke ba mutane aron hannu da ƙafa na ƙarfe. In mutum ya mutu, gaɓoɓin ba sa mutuwa, sai su tashi da gawar su nufi gidan kamfanin da ita. Mu kuwa muna wasa da wata mai gyaran idon ƙarfe, wadda batirin idonta ke ƙarewa. Ko ka kunna ido ka gani, ko ka kashe ka adana ƙarfin gudu. Ba ka samun biyun.

Har yau ban taɓa wasan da ya iya tsoratarwa kamarsa ba. Ba ya yi maka ihu a fuska. Ƙarar jan ƙafa kawai za ka ji a bayan bango, sai manet ɗin, abin sarrafa wasan, ya fara bugawa a tafin hannunka kamar ka riƙe tattabara. Harbinsa kam ba shi da daɗi, bindigar tana da nauyin baki, kuma a matattakala mai ƙunci hoton yakan maƙale har ka rasa gabanka. Kai ka ce aibi ne. Ni na ce da gangan suka yi, don mutum ya koyi ɓuya. Mun yi wannan musu har Baba ya leƙo ɗakin ajiyar atamfa ya tambaya ko gado muke rabawa.

Wasan na mutum ɗaya ne, manet ɗinmu ma ɗaya. Shi ya sa muka kafa dokarmu: wanda ya mutu ya miƙa. Bayan la'asar, in kasuwa ta yi sanyi kuma aka yi sa'a akwai wuta, sai mu zauna kan dilar yadi, gumi na zuba, muna karɓa-karɓa.

Kana tsammani ban sani ba? Duk inda aka zo dogon lungu mai duhu, da gangan kake mutuwa. Sai ka tsaya cak gawa ta kama ka, ka miƙo mini kana cewa, "Taubashi, hannuna ne ya yi santsi." Wata shida hannunka yana santsi a lungu kaɗai. Ban taɓa tona maka asiri ba, don ina jin daɗi. Kai ne mai boko, kai ne mai Faransanci, kai ake turawa ofis in takarda ta rikice. Amma a cikin duhun nan, ni kake nema.

Da ciniki ya mutu, hanyar arewa ta zama abin da ta zama, ka tattara ka yi kudu, a wasan mun tsaya ne a bakin ƙofar bene na ƙarshe. A tashar mota ka ce, "Kar ka buɗe sai na dawo." Ban buɗe ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, na'urar tana lulluɓe da ƙyalle. Sau nawa na kunna, na tsaya gaban ƙofar, na kashe. Sabo turken wawa, ga wawan nan a ɗaure.

Ba talabijin ɗin ne ya tsaya mini a rai ba, ko da yake shi ma ya ɗan tsaya. Serj ma ban san shi ba, wataƙila mutumin kirki ne, amma dariyarsa ba ta yi mini ba. Abin da ya ƙona ni shi ne manet ɗin yana hannunka. Na duba da kyau. Kai ka bi lungun da kanka, ido a kashe, ko gezau ba ka yi ba, shi kuwa yana gefe yana cin gyaɗa. Yaushe ka daina tsoro, Nasiru? Wa ya koya maka? Ashe Duwala har wannan ta raba ni da shi.

Na so in yi fushi in buɗe ƙofar ni kaɗai. Na kunna jiya, na kai hannu, na kasa. Ban iya jure tsoro ba in babu wanda zan yi wa jarumta.

Gwaggo ta ce za ka zo Babbar Sallah. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ina roƙonsa a gaban mutane don kar ka musa. Kar ka gaya mini abin da ke bayan ƙofar. Ka zo ka zauna kan dila, ka yi kamar ba ka taɓa gani ba. Ka zabura inda ya kamata a zabura, ka yi salati inda ya kamata a yi. Zan san ƙarya kake yi. Ka yi mini ita haka nan, zan karɓa.

Allah ya tsare ka a garin mutane, ya sa albarka a nemanka, ya dawo mana da kai lafiya. Ya yaye mini wannan ƙullin da ke ƙirjina, ko da ba yau ba. Serj ma Allah ya ba shi lafiya, ya ba shi nasa taubashin.

Naka har kullum, mai jira,
Habibu