Baba Ya Fara Cin Abinci

Mama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da su Auta. Yaya ƙafar Kaka?

Mu nan alhamdu lillahi. Jiya likita ya zura wa Baba bututu mai kyamara ta baki, ya buɗe hanyar abincin da ƙarin nan ya toshe. Yau har shinkafa ya ci, yana cewa, "'Yar boko, ƙaro mini!"

Amma ƙarin yana nan, Mama, na gan shi a allon. Da na tambayi likita yaushe za a cire shi, sai ya ce, "Babu wani babba tare da ku?"

Baba ya ce in gaya miki ya warke. To, na gaya miki. Don Allah ki turo Yaya da wuri.

'Yarki mai kewarki.